Zinariyar Afirka ta Yamma a Ƙarƙashin Teku: Tsabar Jiragen da Suka Nutse Tsakanin Kasuwa da Tarihi

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na malaman tarihi a Rigachikun, Ƙaramar Hukumar Igabi, Jihar Kaduna

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin tsoffin kuɗin zinariya da ake tsamowa daga jiragen fatauci da suka nutse a teku, da kasuwar masu sha'awar tara su, ta fuskar tarihin Afirka ta Yamma. An ɗauki wurare huɗu da aka tsamo zinariya a ruwa, wato Ƙaisariyya da Oranjemund da Salcombe da gaɓar Cape Cod, an duba abin da kowannensu ya ƙara mana game da fataucin zinariyar wannan yanki. An kuma kwatanta su da abin da aka tono a tudu, musamman a Durɓi ta Kusheyi ta ƙasar Katsina. Hujjar takardar ita ce, amfanin irin wannan tsaba ga mai nazarin tarihi ya rataya ne a kan sanin inda aka same ta da kayan da aka samu tare da ita, kuma wannan sani shi ne abu na farko da kasuwa take lalatawa. A ƙarshe an dubi matsayin fiƙihun Malikiyya da dokar Nijeriya da yarjejeniyar UNESCO ta 2001, sannan an kawo shawarwari.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1995, wasu masu nutso da ke binciken tsoffin igwogi a ƙarƙashin ruwa kusa da garin Salcombe, a kudu maso yammacin Ingila, suka ci karo da tsabar zinariya fiye da 400 masu rubutun Larabci. Sarakunan gidan Sa'adiyawa na Maroko ne suka buga mafi yawansu, kuma da dama daga ciki na ɗauke da sunan Ahmad al-Mansur, wanda ya yi sarauta daga 1578 zuwa 1603. Shi ne sarkin da ya tura rundunar Judar Pasha ta tsallaka Sahara, ta karya Askiya Ishaƙ na Biyu na Songhai a Tondibi a 1591, ta kama Gao da Tambutu da Jenne. Yawan zinariyar da ta riƙa isa Marrakesh a zamaninsa ne ya jawo masa laƙabin Az-Zahabi.

Faɗuwar Songhai ba labarin nesa ba ne ga ƙasar Hausa. Daga ƙarƙashin Songhai Kanta na Kabi ya ɓalle a farkon ƙarni na 16, kuma masana tarihi da dama na ganin taɓarɓarewar tsaro a yankin Tambutu da Gao bayan 1591 na cikin dalilan da suka karkato da ayarin Sahara gabas, zuwa Agadas da Katsina da Kano. Saboda haka, ko da yake babu teku a ƙasarmu, abin da ake tsamowa daga teku yana ɗauke da wani ɓangare na tarihinmu. Tambayar takardar nan ita ce: me muke samu idan wannan tsaba ta shiga hannun masu bincike, me kuma muke asara idan ta watse a gwanjo?

2.0 Hanyoyin zinariya da matsayin ƙasar Hausa

Manyan wuraren haƙar zinariya na Afirka ta Yamma a da su ne Bambuk, tsakanin kogunan Senegal da Faleme, da Bure a saman Kwara, sai kuma dazukan Akan a ƙasar Gana ta yau. Girman cinikin ya bayyana a rubuce-rubucen Larabawa. Ibn Hauƙal, a ƙarni na 10, ya ba da labarin takardar bashi ta dinari 42,000 da ya gani tsakanin 'yan kasuwar Sijilmasa da Audagust. Al-Umari ya rubuta yadda farashin zinariya ya faɗi a Alƙahira bayan wucewar Mansa Musa zuwa aikin hajji a 1324. Al-Bakri kuma, a 1068, ya ambaci dinaren Tadmakka na tsantsar zinariya waɗanda ba su da tambari. An daɗe ana kokwanton wannan batu, sai a 2005 Sam Nixon ya tono mazubin tsaba na yumɓu a kufan Tadmakka, a arewacin Mali, da ɗigon zinariya maƙale a jikinsu.

Ƙasar Hausa ta shiga wannan sarƙa ta hanyar Wangarawa, waɗanda littafin tarihin sarakunan Kano ya ce sun iso a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Littafin ya kuma danganta buɗe hanyar Barno zuwa Gwanja da zamanin Abdullahi Burja, a tsakiyar ƙarni na 15. Fataken da suka bi wannan hanya da goro aka fi saninsu, amma Gwanja ita ce ƙofar ƙasar Akan, zinariya ma ta biyo ayari.

Abin lura a nan shi ne, sarakunan Hausa ba su buga tsabar zinariya da sunansu ba. Awo ake yi da miskali, cinikin yau da kullum kuma da wuri, wanda asalinsa daga tsibiran Maldives yake, kuma littafin tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Sharefa, a farkon ƙarni na 18, ya shigo ƙasar Hausa. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Zinariyar da ta fita daga Afirka ta Yamma ta kan fita ne gari ko curi ko kayan ado, sai ta isa Sijilmasa ko Fas ko Alƙahira ko Lisbon a narkar da ita a buga mata sunan wani sarki. Turawan Fotugal sun gina ganuwar Elmina a 1482 don su tare wannan ciniki ta bakin teku. Ingilishi kuma sun fara buga tsabar gini a 1663, da hoton giwa a ƙarƙashin kan sarki a matsayin alamar cewa daga Afirka zinariyar ta zo. Wanda duk yake neman tarihin zinariyarmu, tilas ya neme shi a kuɗin wasu.

3.0 Abin da teku ya adana

3.1 Ƙaisariyya

A watan Fabrairu na 2015, masu nutso suka gano tsabar zinariya kusan 2,000 a tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Ƙaisariyya, a gabashin Bahar Rum. Mafi yawansu na halifofin Faɗimiyawa ne, Al-Hakim (996 zuwa 1021) da ɗansa Az-Zahir (1021 zuwa 1036), an buga su a Masar da Afirka ta Arewa. Zinariyar da ke bi ta Sijilmasa na cikin ginshiƙan arzikin wannan daula, wadda ta ci Masar a 969. Da yake an tattara tsabar wuri ɗaya an ƙirga ta, masana sun iya lura cewa babu wadda ta wuce zamanin Az-Zahir, wanda ya ba su kintacen lokacin da dukiyar ta shiga ruwa. Daga nan muhawara ta taso: kuɗin haraji ne da za a kai Alƙahira, ko albashin dakaru, ko jarin wani babban ɗan kasuwa? An kuma ga alamun cizo a jikin wasu, shaidar yadda ake gwada ingancin zinariya a lokacin.

3.2 Bom Jesus

Wannan jirgin fatauci na Fotugal ya tashi daga Lisbon a 1533 da nufin zuwa Indiya, aka neme shi aka rasa. A watan Afrilu na 2008 masu haƙar lu'ulu'u suka ci karo da ɓaraguzansa kusa da Oranjemund, a gaɓar Namibiya. Da yake yanki ne da ake tsaronsa sosai saboda lu'ulu'u, ɓarayin kayan tarihi ba su riga masana isa wurin ba. An samu tsabar zinariya kusan 2,000, galibi na Sifen da na Fotugal, da curin jan ƙarfe masu tambarin gidan Fugger, attajiran Augsburg na Jamus, da hauren giwa fiye da 100.

Hauren ne ya fi ba da labari. Binciken ƙwayoyin gado da Alida de Flamingh da abokan aikinta suka wallafa a 2020 ya nuna cewa na giwayen daji ne na Afirka ta Yamma, daga zuri'o'i 17 daban-daban, kuma huɗu kawai daga cikinsu ake samu a giwayen yau. A jirgi ɗaya an ga jarin Jamus da kuɗin Sifen da haure daga yankinmu, duk suna kan hanyar kasuwar Indiya. Da wani kamfani ne mai neman riba ya riga zuwa, zinariyar zai kwashe, haure da jan ƙarfe su zama shara.

3.3 Salcombe

Tare da dinaren Maroko da aka ambata a gabatarwa, an samu guntayen 'yan kunne da sauran kayan ado da aka kakkarya, da ƙananan curin zinariya, da kwanoni da tangaran na ƙirar Holan. Tsabar da ta fi kowace sabunta ta Sarki Al-Walid ce, wanda ya yi mulki daga 1631 zuwa 1636, saboda haka jirgin bai nutse kafin wannan lokaci ba. Karyayyun kayan ado tare da curi na nuna cewa don narkarwa aka tara zinariyar, ba don kashewa ba. An daɗe ana muhawara ko jirgin na 'yan kasuwar Holan ne, ko na Ingilishi, ko na 'yan fashin tekun Maroko, kuma da kayan da aka samu tare da tsabar kowane ɓangare yake kafa hujja. Masu nutson sun kai rahoto ga hukuma, aka sa wurin ƙarƙashin kariyar doka a 1997, Gidan Tarihin Birtaniya kuma ya mallaki kayan gaba ɗaya a 1999.

3.4 Whydah

Sunan wannan jirgi daga tashar bayi ta Ouidah, a Jamhuriyar Benin ta yau, aka ɗauko shi. Jirgin safarar bayi ne na Ingilishi. Ɗan fashin teku Sam Bellamy ya ƙwace shi a farkon 1717, guguwa ta nutsar da shi a gaɓar Cape Cod ta Amurka a watan Afrilu na wannan shekara, Barry Clifford ya gano shi a 1984. Ban da tsabar Sifen, an samu kayan adon zinariya na maƙeran Akan, da yawa an daddatse su don rabo. Suna cikin kayan zinariyar Akan mafi daɗewa waɗanda ake da tabbacin shekarunsu, domin an san ranar da jirgin ya nutse. Sun kuma tuna mana cewa a jirgi ɗaya ake loda zinariya da mutane.

4.0 Kasuwar masu tarawa

Zinariya ba ta tsatsa. Azurfa idan ta daɗe a ruwan gishiri takan yi baƙi ta manne da juna, ƙarfe ya ruɓe, amma dinari yakan fito bayan shekaru ɗaruruwa da rubutunsa a sarari. Wannan ya sa masu tara tsoffin kuɗi ke rububinsa. Kamfanoni irin su NGC da PCGS kan tantance tsaba, su rufe ta a gidan roba da sunan jirgin da ta fito, sunan kuma yakan ɗaga farashinta fiye da ƙimar nauyinta.

Misalai biyu sun isa su nuna inda wannan hanya take kaiwa. Jirgin SS Central America ya nutse a 1857 da zinariyar Kalifoniya da rayuka fiye da 400. Tommy Thompson ya gano shi a 1988, aka sayar da dubban tsaba ga masu tarawa, masu zuba jari suka maka shi kotu, aka kama shi a 2015, ya shafe shekaru a kurkuku saboda ƙin bayyana inda wasu tsaba 500 suke. Na biyu shi ne jirgin Sifen Nuestra Señora de las Mercedes, wanda sojan ruwan Ingila suka nutsar a 1804. Kamfanin Odyssey Marine Exploration ya kwaso tsaba kusan 600,000, galibi azurfa, a 2007 ya kai su Amurka. Bayan doguwar shari'a, kotunan Amurka suka ce dukiyar Sifen ce, aka mayar da ita a 2012.

Ba za a hana masu tarawa haƙƙinsu ba. Da yawa daga jerin sunayen sarakuna da garuruwan buga kuɗi da muke amfani da su, masu sha'awar tsaba ne suka fara tsara su, kuma masu nutson Salcombe ba malaman jami'a ba ne. Matsalar tana ga rarrabawa. Taskar jirgi kamar kundin malami take: idan aka zare warƙoƙinsa aka sayar wa mutum ɗari, kowa na riƙe da rubutu mai kyau, amma littafin ya tafi. Ba za a ƙara sanin wace tsaba ce mafi sabunta ba, ko kason kowane gari a ciki, ko abin da ke gefenta. Ga mu da ba mu buga kuɗi da sunanmu ba, wannan asara ta fi tsanani, domin shaidarmu tana cikin haure da wuri da tagulla da karyayyen ɗan kunne, abubuwan da kasuwa ba ta damu da su ba.

5.0 Darasi daga tudu

A 1964 Théodore Monod ya tono kayan wani ayari da aka binne a Ma'adin Ijafen, cikin hamadar Muritaniya: sandunan tagulla fiye da 2,000 da tarin wuri, tun wajen ƙarni na 11 ko na 12. Ba a samu zinariya a wurin ba, amma an ga irin kayan da ake kawowa daga arewa don a saye ta.

A gida kuwa, muna da Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a Jihar Katsina. H. R. Palmer ya fara tona wasu kusheyin a 1907, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. An sake tono a 1992, daga baya aka kai kayan birnin Mainz na Jamus don gyara da nazari, inda Detlef Gronenborn ya jagoranci aikin. An samu 'yan kunne da zobe na zinariya, da tasoshin tagulla masu ƙirar Gabas ta Tsakiya, da wuri da duwatsun ado da awarwaron haure, waɗanda shekarunsu ke tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Da yake an ɗago kusheyin da ƙasarsu, an san abin da ke jikin wane mamaci. Samun wuri a nan ma ya nuna cewa manyan mutane sun san shi a matsayin ado tun kafin ya zama kuɗin kasuwa.

Kishiyar wannan ita ce abin da ya sami kayan yumɓun Nok a kudancin jiharmu. A shekarun 1990 masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba suka birkice wurare masu yawa, kayan suka ɓulla a kasuwannin Turai, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su a jerin kayan da ke cikin haɗari a 2000. Zinariya da azurfa kuwa haɗarinsu ya zarce wannan, domin suna narkewa. Liyari nawa maƙeran fari suka mayar da mundaye da zobba? A kasuwanninmu na Kaduna da Kano, ma'auni ne ke yanke farashin gwal, ko sisin gwal na sadaki ne ko gadon kaka, ba a tambayar shekarunsa.

6.0 Fiƙihu da doka

Dinari ba baƙo ba ne a fiƙihunmu: da shi ake ƙiyasta nisabin zakka, dinari 20, da mafi ƙarancin sadaki, rubu'in dinari. Malaman Malikiyya sun kuma yi magana a kan dukiyar da aka tsinta. Dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne, wato rikazi, ana fitar da humusi daga cikinta. Abin da teku ya jefo wanda ba a taɓa mallakarsa ba, irin su anbar, na wanda ya same shi ne ba tare da humusi ba, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shaikh Khalil. Amma masu sharhi, irin su Ad-Dardir, sun bayyana cewa idan an taɓa mallakar abin, hukuncin ya sauya: in na jahiliyya ne ya zama rikazi, in kuwa na Musulmi ne ko na zimmi, ya zama tsintuwa, wadda ake cigiyarta shekara guda. Dinari mai kalmar shahada da sunan sarkin Musulmi yana ɗauke da shaidar mallaka a jikinsa. Ra'ayin cewa duk abin da mutum ya tsamo daga ruwa nasa ne kai tsaye bai dace da wannan rabe-rabe ba.

A ɓangaren dokar ƙasa, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta hana tonon kayan tarihi ba da izini ba, ta taƙaita saye da sayar da su, ta kuma hana fitar da su waje sai da takardar hukumar. A matakin duniya, yarjejeniyar UNESCO ta 2001 ta kare duk wani abin tarihi da ya kai shekara 100 a cikin ruwa, ta fifita barinsa inda yake, ta haramta mayar da shi hajar kasuwa. Nijeriya ta amince da ita a 2005, yarjejeniyar kuma ta fara aiki a 2009. Ta kuma ba kowace ƙasa damar ayyana cewa ƙa'idojinta su shafi koguna da tafkuna, irin su Kwara da Binuwai da Kogin Kaduna da Tafkin Cadi.

7.0 Shawarwari

Na farko, a shigar da waɗannan misalai cikin darasin fataucin Sahara. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke nan Rigachikun na da hanyar isar da kayan karatu ga malamai a faɗin ƙasar nan, kuma hoton dinarin Al-Mansur zai sa ɗalibi ya riƙe darasin Tondibi fiye da jerin shekaru.

Na biyu, Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa su haɗa kai da ƙungiyoyin masu sayar da gwal da maƙeran fari, ta yadda duk tsohuwar tsabar da ta zo hannunsu za a ɗauki hotonta, a auna ta, a rubuta inda ta fito kafin a narkar. Wannan ba ya hana kowa cinikinsa.

Na uku, mai sha'awar sayen tsabar da aka ce daga jirgi ta fito, musamman ta intanet, ya nemi sunan jirgin da shekarar tsamowa da shaidar cewa an fitar da ita bisa doka. Jabu na da yawa, ta gaskiyar ma tana iya zama ta sata.

8.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa zinariyar Afirka ta Yamma ta yi tafiya da sunayen sarakunan wasu ƙasashe, kuma jiragen da suka nutse na cikin wurare kaɗan da ake samunta tare da abokan tafiyarta. A Ƙaisariyya da Oranjemund da Salcombe an adana kaya wuri ɗaya, bincike yana ta ci gaba. Inda aka yi gwanjo, shari'a aka fi samu. Aikin da ke gabanmu shi ne faɗaɗa gwajin sinadaran zinariya, a kwatanta ta Durɓi ta Kusheyi da ta Birnin Gwari da Zamfara da ta ƙasar Akan, sannan da dinaren Maroko da Masar, don a gane ko ƙasar Hausa hanya ce kawai ko ita ma ta ba da nata kason. Sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na iya jagorantar wannan aiki tare da gidajen tarihin da ke riƙe da tsabar, kuma ba zai yiwu ba sai da kayan da aka san asalinsu, waɗanda ke ajiye a inda mai bincike zai iya isa gare su.